Me ya sa fentin bindiga yake ɓarewa? Fashin baƙi kan gyaran ƙarfe kafin a fesa masa rufin kariya

Wai me ya sa mutum biyu za su sayi fenti iri ɗaya na kamfani ɗaya, su fesa wa bindigogi iri ɗaya, na wannan ya yi shekaru ko gezau, na wancan kuwa tun ba a je ko'ina ba ya fara ɓarewa a gefe-gefe, tsatsa tana leƙowa ta ƙasa? Tun da bidiyoyin bindigogi masu launi suka cika YouTube da Facebook, mai ruwan ƙasa, mai ruwan toka, mai zanen ganye irin na maharba, wannan tambayar take ta yawo, kuma amsar da aka fi bayarwa ita ce wai fentin jabu ne ko kuma kamfanin ne ya cika kuri. Ni dai a ganina yawanci fentin ba shi da laifi. Bidiyon minti ɗaya feshin kawai yake nuna maka, don shi ne mai daɗin kallo, awannin da aka kwashe ana wanke ƙarfen ana karce shi ana gasa shi ba wanda yake ɗauka, alhali a can ne ake yanke hukuncin ko rufin zai zauna ko ba zai zauna ba.

Maganar nan fa ta masu bindiga ce bisa doka, maharba da masu wasan harbi da masu kula da makaman hukumomi, da kuma masu sana'ar gyara da suke da lasisi.

Wane irin fenti ake magana a kai?

Ba fentin gwangwani na ƙofa ko na mota ba ne. Wanda ya fi suna shi ne Cerakote, na kamfanin NIC Industries da ke jihar Oregon a Amurka, sai DuraCoat na kamfanin Lauer da ke Wisconsin, sai KG Gun-Kote. Cerakote haɗi ne na sinadarin roba da ɓarɓashin seramik, kuma nau'in da aka fi yi wa bindiga, wato H-Series, gida biyu yake zuwa, fentin daban sinadarin da ke daskarar da shi daban, a haɗa su a fesa sannan a gasa a obin, awa 2 a zafin digiri 121 na Selshiyas ko awa 1 a digiri 149. Akwai kuma C-Series wanda iska ke busar da shi, shi sai ya kwana 5 kafin ya gama kamawa.

Abin da ya kamata mutum ya riƙe a nan shi ne kaurinsa. Rufin gaba ɗaya maikiron 12 zuwa 25 ne, kuma maikiron 1000 ne ke yin milimita ɗaya, ka ga ke nan abu ne siriri ƙwarai. Abu mai wannan sirantar ba ya cike rami, ba ya ɓoye karce, ba ya shanye maiƙo. Duk abin da ke ƙasansa zai fito fili, mai kyau da marar kyau. Kuma ba narkewa yake ya zama ƙarfe ba, zama yake a saman ƙarfen ya riƙe shi, saboda haka duk ƙarfinsa ya dogara ne da abin da ya samu ya riƙe.

Ƙarfen ai ba tsirara yake fitowa daga masana'anta ba

Nan ne mutane da yawa suke fara ɓata, suna ɗauka duk baƙar bindiga baƙinta iri ɗaya ne. A'a. Baƙi kala-kala ne, kuma kowanne da yadda ake bi da shi.

Mafi tsufa a cikin waɗanda ake gani yau shi ne buluwin, wannan baƙi-baƙi shuɗi-shuɗi mai sheƙi na tsofaffin bindigogin farauta. Abin mamaki shi ma tsatsa ce, amma baƙar tsatsa mai suna magnetayit, wadda ake jawo ta da gangan ta hanyar tsoma ƙarfen a tafasasshen ruwan soda mai ƙarfi da gishirin naitiret a wajen digiri 140. Kaurinta maikiron ɗaya ne ko biyu, kuma ita kaɗai ba ta iya tare ruwa sai an riƙa shafa mata mai, shi ya sa duk bindiga mai buluwin da ta shekara a hannun mai kula da ita za ka tarar ta sha mai ta ƙoshi. Cire buluwin ba wuya, da an fesa masa yashi da iska mai ƙarfi ya tafi, man da ke ƙasansa da cikin lunguna ne matsalar.

Sai rufin fosfet, wanda aka fi sani da sunan kamfanin Parker da aka kafa a Detroit a 1915, ko da yake wani Bature ɗan Ingila mai suna Thomas Coslett ya riga ya yi rajistar irin dabarar tun 1906. Shi ne wannan ruwan toka mai kaushi marar sheƙi na bindigogin sojan Amurka na yaƙin duniya na biyu irin su M1 Garand. Ana dafa ƙarfen ne a ruwan asid ɗin fosforik mai haɗe da manganis ko zink, sai wasu ƙananan ƙwayoyi su tsiro a samansa, masu ramuka birjik. Ramukan nan da gangan ake son su don su riƙe mai. To ka ga abin da ya sa shi kyau shi ne kuma ya sa shi wahala, sabo dal fenti yana kama shi sosai, wanda ya shekara hamsin yana shan mai kuwa sai an yi da gaske.

Alminiyom shi ba ya karɓar buluwin ko fosfet, anodayizin ake masa, wato a sa shi a ruwan asid a ba shi lantarki har fatarsa ta rikiɗe ta zama wani abu mai tauri fiye da shi kansa alminiyom ɗin. Gangar jikin bindigogi samfurin AR-15 haka ake musu, kuma nau'i mai tauri da sojoji ke amfani da shi yana kai wajen maikiron 50. Wannan fatar ba ado ba ce kawai, ita ce ke hana ƙarfen mai laushi cinyewa.

Akwai kuma naitirayidin, wanda ya yi suna da Tenifer a bindigogin Glock, wasu kuma suna sayar da irinsa da sunan Melonite. Shi ba shafe ba ne ma, sinadarin naitirojin da kabon ake cusawa cikin fatar ƙarfen a zafin da ya haura digiri 500, sai wajen ya yi tauri ƙwarai, baƙin da kake gani a sama wani abu ne daban siriri. Yashi yana cire baƙin amma da ƙyar yake cizon abin da ke ƙasa, don haka yana ɗaukar lokaci.

Kurom da nikel su shafe ne da aka ɗora, idan suna riƙe da kyau ana iya karce su a fesa a kai, idan kuwa sun fara ɗagowa ko da a waje ɗaya ne dole a cire su duka, don fenti ba zai fi abin da yake zaune a kai ƙarfi ba. Sitenles kuma, wato ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, sau da yawa tsirara yake zuwa, kuma yana cikin manyan dalilan da suka sa waɗannan fentin suka samu kasuwa, tunda shi ba ya karɓar buluwin na yau da kullum ko fosfet, in kana son ya yi baƙi ko ya daina ƙyalli a daji hanyoyin ba su da yawa.

Maiƙo, babban abokin gaba

Kafin komai a tabbatar ba harsashi a ciki, a duba a sake dubawa, sannan a warware bindigar kaf, ba irin warwarewar wanki ba, har fil-fil da sifirin da sukurori sai sun fita. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu mai yana ɓoye a wajen, kuma in ka bar su a haɗe ka bar masa gidansa ke nan.

Sai wanki. Abin da kamfanin Cerakote yake koyarwa shi ne a jiƙa ƙarafan cikin asiton, wani sinadari mai narkar da maiƙo, ko mai wanke birki na minti 20 zuwa 30, jiƙawa fa, ba a fesa a goge da tsumma ba. Gogewa da tsumma raba man kawai take daga nan zuwa can. Kuma wankin nan kafin feshin yashi ake yin sa, wannan jerin yana da muhimmanci ƙwarai, domin in ka fesa yashi a kan ƙarfe mai maiƙo abu biyu ka yi, ka tura man cikin sababbin ramukan da ka buɗe, sannan ka gurɓata yashin da ke cikin akwatin feshin, duk ƙarfen da ya biyo baya sai ya kwashi rabonsa.

Bayan feshin yashin sai matakin da ƴan gaggawa suka fi tsallakewa, wato gasa ƙarfen shi kaɗai ba fenti, wajen awa ɗaya a digiri 149. Me ya kawo gashi tun ba a fesa komai ba? Saboda akwai man da asiton ba ya kai masa, wanda ya shige cikin zaren da ya haɗa bututu da gangar jiki, ko ƙarƙashin ƙarfen saiti da aka danna da ƙarfi, ko cikin ƴan ƙofofin ƙarfen zubi. Zafi ne kaɗai ke fito da shi. Za ka fito da ƙarfe daga obin, wanda ka rantse ya wanku tas, sai ka ga wani duhu-duhu kamar jiƙa ya zagaye gindin bututun, ko wani siririn layi ya gangaro daga ramin sukuru. Wannan man in bai fito yanzu ba zai fito ne lokacin da ake gasa fentin, ya tsaya tsakanin ƙarfe da rufi, kuma daidai wajen ne zai fara ɓarewa. In aka ga haka sai a koma baya, a sake jiƙawa, a sake fesa yashi, a sake gasawa, har sai ya fito a bushe ƙayau. Tsofaffin bindigogin soja da aka adana cikin wannan giris mai kauri da ake kira Cosmoline su kam sukan sa mutum ya zagaya sau da yawa, kuma wallahi ba wata gajeriyar hanya, haƙuri ne kawai.

Wani abin kuma silikon. Yana cikin tsummokin goge bindiga da wasu man feshi, kuma ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya sa fenti ya riƙa gudu yana barin ƴan ramuka zagaye-zagaye, masu sana'ar idon kifi suke ce musu. Shi ya sa masu aiki da hankali ba sa barin irin waɗannan kayan su shiga ɗakin feshi sam.

Feshin yashi ba don cire tsohon launi kaɗai ba ne

Magini in zai yi yaɓe a bango mai santsi sai ya fara sassara shi don yaɓen ya samu abin kamawa. To haka abin yake a nan, sai dai sassarar ta yi ƙanƙantar da ido ba ya gani. Feshin yashi yana barin dubban ƴan tuddai da kwaruruka masu kaifi a fatar ƙarfen, fentin ya kwarara ciki ya daskare, shi ke nan ya kafu.

Kuma duk da ana cewa yashi, ba yashin rafi ba ne. Abin da ake so shi ne alminiyom oksayid ko dutsen ganet, mai lambar girman ƙwaya 100 zuwa 120, a matsin iska 80 zuwa 100 a ma'aunin PSI ga ƙarfe mai tauri. Dalilin zaɓar su shi ne ƙwayoyinsu masu kusurwa ne, yanka suke. Ƙwayoyin gilas da wasu ke amfani da su don sun fi ba da kyan gani su zagayayyu ne, ba sa yanka, dannawa suke su bar ƴan lotsa masu santsi, ƙarfen ya fito fes gwanin sha'awa amma fenti ba shi da abin riƙewa. Wannan kuskuren ya yawaita saboda a ido aikin gilas ya fi kyau, mutum sai ya ɗauka ya fi tsabta.

Lambar ma ba a banza aka zaɓe ta ba. In ƙwayar ta yi girma, tuddan da za ta bari za su fi kaurin fentin tsayi, tunda mun ce bai wuce maikiron 25 ba, sai kawunansu su rage da ɗan rufi kaɗan ko ma a buɗe, daga baya ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa ta fito ko'ina a jikin ƙarfen da aka ce an kare shi. In kuma ta yi laushi da yawa, ko ta tsufa ta farfashe ta zama gari saboda an daɗe ana maimaita ta, ba za ta ciji komai ba. Alamar aiki ya yi ita ce ƙarfen ya koma ruwan toka marar sheƙi bai ɗaya, duk inda ka ga yana ƙyalli ko kaɗan wajen bai samu ba.

Alminiyom da roba su ba a sakar musu wannan ƙarfin, ana saukowa wajen PSI 30 zuwa 40. Roba ma ba ta jure zafin da ƙarfe ke jurewa, gashinta a wajen digiri 66 zuwa 82 ake yi. Sitenles kuma yana son yashin da ba a taɓa fesa wa baƙin ƙarfe ba, don ɓarɓashin baƙin ƙarfen yana iya maƙalewa a jikinsa ya zama irin tsatsa.

Idan kuwa tsatsa ta riga ta ci ƙarfen ta yi ramuka, dole a bi kowane rami har gindinsa sai an ga farin ƙarfe. Tsatsar da aka rufe ba mutuwa take ba, tana nan tana ci a ƙasa har ta ɗaga rufin. Kuma ramin zai ci gaba da nunawa bayan feshi, gara mai bindiga ya san haka tun farko kada ya zo yana ganin an cuce shi. In ramukan sun yi zurfi a bututu ko inda ke ɗaukar matsin harbi, to maganar ta tashi daga ta fenti ta koma ta ko bindigar ma tana da aminci, wannan sai ƙwararren mai gyara ya duba.

Wuraren da ba a taɓawa

Cikin bututu da ɗakin harsashi ana toshe su da toshiyar roba mai jure zafi, ba yashi ba fenti. Bakin bututu inda harsashi ke fita shi ma ana lallaɓa shi, don ɗan lahani a wajen yana ɓata saiti. Fuskokin da kunama da abin da ke riƙe guduma suke haɗuwa kuwa su ne na fi jin tsoro a kansu, an goge su ne daidai gwargwado a masana'anta, in yashi ya cinye kusurwarsu ko fenti ya sauya zamansu bindiga tana iya tashi ba a taɓa ta ba. Haka haƙoran da ke kulle harsashi a ɗakinsa. Waɗannan rufe su ake da salatif mai jure zafi ko a ajiye su gefe gaba ɗaya.

Ga wani lissafi da mutane ba sa yi. Ka ce maikiron 25 ai ba komai ba ne, to ɗauki fil da raminsa, fil ɗin an fesa shi ta ko'ina ya ƙaru da 50 a faɗi, ramin shi ma an fesa shi ya ragu da 50, jimilla 100 ke nan a wajen da wataƙila tazarar da aka bari ba ta kai haka ba. Sai a zo haɗawa abu ya ƙi shiga, a sa guduma, fentin ya fashe a bakin ramin. Na'urar hangen nesa, da ƙarfen saiti mai haske da dare wanda ke ɗauke da ƴar kwalbar tiritiyom, da katakon gindi, duk ba sa shiga obin. Tsofaffin bindigogi masu baki biyu da aka haɗa bututunsu da lakin dalma su ma sai an yi hattara da zafi.

Sai lambar bindiga, wato lambar shaidar da aka zana a jikin ƙarfenta. A dokar tarayyar Amurka laifi ne mallakar bindigar da aka goge ko aka sauya lambarta, kuma hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi a can ta sa mafi ƙarancin zurfin lambar a inci 0.003, wajen maikiron 76 ke nan. Ka ga ba wani zurfi ba ne, feshin yashi mai nauyi a ci daga sama, fenti mai kauri ya cike daga ƙasa, sai lamba ta dushe ba da niyya ba, kuma mai ita ne zai sha tambaya. Ƙasashe da yawa suna da irin wannan dokar. Mai aiki na ƙwarai yana sassauta hannu a wajen kuma yana tabbatar da kowane harafi yana karantuwa bayan an gama.

Inda masu sana'ar suka rabu

Gardama ta farko a kan fosfet ce. Wani ɓangare yana cewa a fesa yashi, a yi sabon rufin fosfet, kada a shafa masa mai, sannan a ɗora fenti, hujjarsu ita ce in wata rana fentin ya karce akwai kariya ta biyu a ƙasa, kuma kaushin fosfet yana riƙe fenti. Ɗaya ɓangaren yana cewa ƙarin aiki ne da ƙarin kauri, kuma in fosfet ɗin bai kama da kyau ba ka ƙara wani wajen da zai iya ɓallewa, ƙarfen da aka karce da kyau ya wadatar. Ni na fi karkata ga cewa duka biyun suna aiki in an yi su daidai, inda ba na yarda shi ne a ɗauko tsohon fosfet da ya sha mai a ɗan goge shi a fesa a kai wai ai dama fosfet gindi ne mai kyau. Sabo ake nufi.

Ta biyu a kan anodayizin ce, a cire shi kaf ko a bar shi? A nan kam hujja ta fi ƙarfi a wajen masu cewa a bari. Fatar nan ita ce taurin ƙarfen, in ka cinye ta ka bar alminiyom mai laushi, ramukan fil su faɗaɗa, kuma fentin ba zai mayar da wannan taurin ba. A ɗan karce shi da iska mai sauƙi har sheƙin ya mutu, shi ke nan. Masu cirewa sukan ce sai sun ga farin ƙarfe hankalinsu ke kwanciya, amma wannan ɗabi'ar daga aikin baƙin ƙarfe suka taho da ita.

Ta uku ita ce ta wanda ba shi da injin feshin yashi, ko samfefa za ta wadatar? Ga fentin da iska ke busarwa irin DuraCoat mutane suna yi da samfefa ko soson karce kuma yana ɗan zama, amma samfefa layi-layi take bari kuma ba ta shiga lungu, a lungun kuwa ake fara samun matsala. Ga wanda ake gasawa, masu yin sa sun ce feshin yashi ne, kuma ban ga dalilin musa musu ba.

Akwai ta huɗu wadda ba ta fasaha ba ce, ita ce ko ya ma kamata a taɓa bindigar. Tsohuwar bindiga mai tarihi darajarta a wajen masu tara kayan tarihi tana cikin asalin fatarta ne, da tambarin masana'anta da alamun masu duba inganci, ko da ta koɗe. Minti biyar a akwatin yashi ya share wannan har abada, ba kuma mai iya dawo da shi. Irin wannan ni ina ganin mai da kyalle da waje busasshe sun fi mata.

Tsakanin yashi da fenti

Ƙarfen da aka gama fesa wa yashi ba shi da kariya ko ɗaya, a waje mai laima cikin awanni kaɗan zai fara yin ja-ja, don haka ba a karce shi yau a ce sai mako mai zuwa. Ba a taɓa shi da hannu, zufa da gishirin yatsa suna barin shaida, kuma shaidar tana iya fitowa a ƙarƙashin fentin da zanen yatsan ƙarara. Safar hannu marar hoda ake sawa, a rataye kowane yanki da waya. Ƙurar da ta rage da iska ake hure ta, tsumma yana barin zare a kan kaushin. Iskar ma sai an tace ta, kwamfaresa tana tara ruwa a tankinta kuma wasu suna tofo mai, in ba matata a layin to da hannunka ka mayar da abin da ka kwashe awanni kana cirewa.

Lafiyar mai aikin da maganar doka

Yashin rafi ko na gini yana ɗauke da silika, kuma ƙurarsa tana jawo cutar huhu da ake kira silikosis wadda ba ta warkewa. Ingila ta hana amfani da shi a irin wannan feshin da dokar 1949, a Amurka ma hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata ta ba da shawarar a hana tun 1974, amma har yau ana ganin masu ɗiban sa don sauƙi, abin yana damuna matuƙa. Ko da alminiyom oksayid ne, a rufaffen akwati ake yi da takunkumi na gaske, don ƙurar da ke tashi daga tsohuwar bindiga tana iya haɗawa da dalma. Asiton yana kama wuta nan take, ba a kai ƙarfe obin sai ya bushe sarai. Mai wanke birki mai sinadarin kulorin in ya haɗu da harshen wuta ko walda yana iya haifar da iskar fosjin, gubar da aka yi amfani da ita a yaƙin duniya na ɗaya. Obin ɗin da aka gasa fenti a ciki kuma ya zama na fenti ke nan, ba ya komawa kicin.

Ta fuskar doka, a Amurka wanda ya mayar da yi wa bindigogin mutane fenti sana'a sai ya mallaki lasisin tarayya. Launi ma yana da nasa batun, birnin New York ya yi doka a 2006 kan rina bindigar gaske da launuka masu haske, saboda tsoron a ɗauke ta a matsayin ta wasan yara, yaro ya ɗauka ko ɗan sanda ya yi jinkiri. Kowace ƙasa da nata tsarin, kuma sanin sa yana wuyan mai bindiga kafin ya miƙa ta ga kowa.

In za ka ba da aiki, me za ka tambaya?

Yawancin masu bindiga ba da kansu za su yi ba, kaiwa za su yi, kuma a ranar karɓa aiki mai kyau da marar kyau kamanninsu ɗaya, sai bayan watanni bambancin ke fitowa. Tallar kamfanoni ma ba za ta taimake ka ba a nan, awannin da suke faɗa na gwajin feshin ruwan gishiri, wanda ake kira ASTM B117, a kan faranti masu tsabta da aka shirya a ɗakin gwaji ake samun su, ba a kan bindigar da ta sha mai shekara ashirin ba.

Saboda haka kada ka tsaya a kundin launuka. Tambaye shi zai warware ta kaf ko a haɗe zai fesa, da me yake wanke maiƙo kuma jiƙawa yake ko gogewa, wane yashi ne a akwatinsa kuma yaushe rabon da ya sauya shi, yana gasa ƙarfen kafin feshi, in mai ya fito me yake yi, waɗanne wurare yake rufewa. Gaya masa irin rufin da ke jikin bindigarka ka ji abin da zai ce, in ya ce duk ɗaya ne a wajensa, buluwin da anodayizin da naitirayidin, to ka ɗauki kayanka. In kuma ya ce aikin zai ƙara kwana saboda ƙarfen bai daina fitar da mai ba, ka ƙyale shi ya gama. Ranar karɓa ka duba lambar tana karantuwa, ka leƙa cikin bututu ba fenti, sannan a gabanka a gwada kunama da makullin kariya ba harsashi a ciki kafin ka bar wajen.